Abin da Ke Bayan Fentin Ɗakinmu

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Na iso gida. Awa uku da rabi daga Houston, don har yanzu ana kwashe itatuwan da guguwa ta kayar a kan hanya. Na bar Armand da ƙanwarsa Celeste, ita za ta kula da shi kafin in koma. Yau kwana tamanin da biyu da yi masa dashen ɓargo. Likita ya ce in ya cika ɗari lafiya lau, mijina zai kwana a gadonsa.

Ina buɗe ƙofa warin ya tarye ni, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Maƙwabta sun lulluɓe mana rufin da shuɗin tamfol, Allah ya saka musu, amma kafin su hau ruwa ya riga ya yi abin da zai yi. Fumfuna ce a bangon ɗakin kwananmu, baƙa da kore, tun daga silin har bayan gado. Ta leƙo ta wajen ƙofa ma.

Na zauna a kicin da takardar da Nas Yolanda ta ba ni, ta sharuɗɗan komawa gida. Babu furanni a tukunya. Babu kyanwa a ɗaki. Layi na uku na karanta shi ya fi sau biyar: in akwai fumfuna, ɗan kwangila mai lasisin wannan aikin ne zai cire ta, sannan wani dabam ya zo ya auna iskar gidan. Garkuwar jikin Armand yanzu ta jinjiri ma ta fi ta.

Kwana goma sha takwas suka rage.

Laraba, 17 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Na samo jerin masu lasisi daga hukumar jiha, na kira bakwai. Uku ba su ɗauka ba. Ɗaya ya yi dariya ya ce in sake kira bayan Kirsimeti. Rabin Louisiana a jiƙe take, kowa na layi.

Ta bakwai mace ce, Madam Prejean. Muryarta a shaƙe kamar wadda ta wuni tana magana. Ta ce, "Uwargida, sati shida, ba zan yi miki ƙarya ba. In rubuta sunanki?" Na ce ta rubuta, Noelie Courville.

Ban gaya mata don wa ake aikin ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, bakwai na yamma

Na ci abinci a gidan Mama. Ta yi miyar gumbo da kaza, ta cika min kwano tana faɗan na rame. Wilfred na nan, kamar kullum tun da kamfanin da yake wa aiki ya rage ma'aikata a watan Afrilu. Ƙanina ne, shekara shida na ba shi, a bayana ya girma. Kafinta ne na gaske, shi ya yi mana barandar gida, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa motsi ba.

Da na ce sati shida, Mama ta ajiye cokali.

"Sati shida? Ga ɗan'uwanki zaune da hannu biyu, ki tafi roƙon bare?"

Na ce, "Mama, takardar asibiti ta ce mai lasisi."

Wilfred ya tuntsire da dariya. "Yaya, lasisin ne zai hau tsani ya kankare bango? Sau nawa ruwa ya shiga gidan nan muna yara? Baba da bilic da buroshi yake gamawa da shi, ga mu nan ba wanda ya mutu. Ba ni kwana uku. In kin ga ɗigon baƙi ɗaya ki aske min gemu."

Mama ta ce, "Wata biyar yaron nan ba wanda ya kira shi aiki. Ke ma sai ki nuna wa gari ba ki yarda da shi ba?"

Bai ɗago ba da ta faɗi haka. Yana ta juya shinkafa a kwano.

Juma'a, 19 ga Satumba, tara na safe

Na ba Wilfred makulli.

Litinin, 22 ga Satumba, biyu na rana

Yana aiki da gaske, wannan kam dole in rubuta. Tun shida yake nan. Ya ɗaure hanci da hankici, rediyo na ta kiɗan akodiyon, yana bi da fito. Ya yanke wani yanki na allon bangon da ya ce ya ruɓe, sauran ya kankare da buroshin waya ya yi masa wanka da bilic. Zafi ya yi yawa, sai ya bar esi, na'urar sanyaya gidan, a kunne, ƙofofi duk a buɗe don iska ta zaga. Ƙura har kan teburin kicin. Na goge sau biyu.

Na ce, "Wilfred, ba a rufe ɗakin da leda? Na ga kamar haka suke yi."

"Su wa? 'Yan talabijin? Yaya, je ki haɗa min kofi, ki bar maza su yi aiki."

Na haɗa masa. Litinin ce, ranar cin jan wake a nan, na ɗora shi ma, muka ci a baranda. Rabon da in ga yana dariya haka tun kafin Ista.

Laraba, 24 ga Satumba, biyar na yamma

An gama. Bango fari tas, fenti shafi biyu. Na tsaya tsakiyar ɗakin na ja numfashi har ƙasa. Fenti kawai nake ji. Fenti ne kawai.

Maƙwabciyarmu Miss Ozite ta ƙetaro titi da sandarta ta leƙa. Nata ɗakin bayan ma ya yi baƙi, kuma jikarta na zaune wurinta da jaririya 'yar wata huɗu. Ta shafa bangon ta ce, "Kai! Wa ya yi miki wannan?" Na nuna mata Wilfred yana wanke buroshi. Na ce mata hannunsa na da kyau.

Gobe zan koma Houston.

Juma'a, 26 ga Satumba, goma na safe

Armand ya ƙara nauyin fam biyu, kusan kilo ɗaya. Gashi ya fara tsirowa a kansa, laushi kamar na ɗan tsako. Ya tambayi karensa, ya tambayi jirgin ruwansa, sannan ya tambayi ɗaki. Na ce an gama. Ya ce su wa suka yi. Na ce wani kamfani ne mai lasisi daga Lake Charles. Ya ce madalla, ya koma kallon ƙwallo.

Talata, 30 ga Satumba, uku na rana

Nas Yolanda ta zauna da mu da takardar sallama, tana bi layi-layi. Mace ce mai kirki, tana kiran Armand "ɗan gidana" duk da ya girme ta da shekara ashirin. Ta zo layi na uku. Ta tambaya. Na amsa. Ta ce takardar awon iskar fa? Na ce tana gida, na manta ta a kan firji. Ta dube ni, ta ce ba komai, in turo daga baya. Ta sa alama a ɗan akwatin.

Ban iya cin abincin rana ba. Ina jin kofin asibitin ne.

Juma'a, 3 ga Oktoba, shida na yamma

Ya dawo gida. Kwana ɗari cif.

Ya tsaya a baranda ya dafa ginshiƙi. Kare kamar zai tsinke sarƙa. Da ya shiga ɗaki ya cire takunkumi ya ce, "Warin sabon fenti. Noelie, kin yi ƙoƙari." Ya sumbaci goshina. Ya kwanta a gefensa na kullum, na wajen bango, kafin in cire masa takalmi barci ya ɗauke shi.

Zafin jiki 98.4, na mai lafiya ke nan a ma'auninmu. An ce in ya kai 100.4 kada mu tsaya komai, mu kamo hanya.

Lahadi, 5 ga Oktoba, huɗu na yamma

98.6 da safe, 98.5 da rana. Ya ci rabin faranti.

Mama da Wilfred sun zo gaisuwa, suka tsaya a tsakar gida da takunkumi. Na tare Wilfred a bakin mota na ce don Allah kada ya ɗauko maganar bango.

Ya dube ni. "Me ya sa?"

"Kawai dai."

"Kunyar aikina kike ji ke nan."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

 Ya gaisa da Armand daga nesa, suka yi wasan jirgin ruwa, ya tafi bai karɓi kofi ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, takwas na safe

Kwana biyu ana ruwa. Ina gyara gado na ga wani abu a bayan allon kai, bai fi girman kwabo ba. Na goge da tsumma ya fita. Inuwa ce ko ƙura.

Yana ɗan tari. Ya ce maƙoshinsa ne ya bushe, esi ne. 98.9.

Juma'a, 10 ga Oktoba, takwas na safe

99.2. Na ce mu koma falo da kwana, doguwar kujerar ta fi sauƙin tashi. Ya ce kwana ɗari yana mafarkin gadon nan, ba mai raba shi da shi.

Asabar, 11 ga Oktoba, biyar na yamma

99.8. Tarin ya sauka ƙirji. In ya ja numfashi yana dafe gefen dama, in ya ga ina kallo sai ya sauke hannu.

Ya shiga wanka na ja gadon. Tabon ya zama uku yanzu. Na danna wurin da yatsa, fentin ya lotsa.

Na mayar da gadon yadda yake.

Lahadi, 12 ga Oktoba, sha biyu na rana

100.9. Muna hanya. Na tsaya shan mai ne.

Litinin, 13 ga Oktoba, huɗu na yamma

Sun ɗauki hoton ƙirji jiya, yau sun zura masa bututu sun ɗebo abin da za su auna. Likitan ya nuna mana a allo, wani farin tabo a huhun dama, da ɗan hazo kewaye da shi. Ya ce yana kyautata zaton ƙwayar fumfuna ce, sun fara ba shi magani ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba. Ya ce mai lafiya kullum yana shaƙar irinta ba ta yi masa komai, amma ga irin su Armand ba abin wasa ba ce.

Sai ya fara tambaya. Ya yi aikin lambu? A'a. Ya je inda ake rushe gini? A'a. Gidan fa, ruwa ya shiga?

Armand ne ya amsa, da muryar nan da ta koma siririya. "Ya shiga, amma an gyara. Masu lasisi ne suka yi. Ga matata nan, ita ta tsaya a kai."

Likitan ya juyo. Na gyaɗa kai, alamar haka ne.

Ya ce to, ai ana iya ɗaukarta a ko'ina, ko a wurin ajiye motoci.

Talata, 14 ga Oktoba, bakwai na safe

Ana iya ɗaukarta a ko'ina. Likita ne ya faɗa da bakinsa. A ko'ina.

Laraba, 15 ga Oktoba, ɗaya na rana

101.7.

Na fita wajen asibiti na kira Madam Prejean. Na ce sunana na cikin layinta, saura sati biyu, amma ga halin da ake ciki. Na gaya mata dashen ɓargo, na gaya mata huhu. 

"Uwargida, me ya hana ki faɗa min haka tun ranar farko? Masu dashe da masu jarirai gaba nake sa su. Da a satin da kika fara kira na zo miki."

Na jingina da bango.

Ta ce, "Gobe ƙarfe tara. Kada ki kunna esi. Kada kowa ya kwana a ciki."

Alhamis, 16 ga Oktoba, shida na yamma

Gajeriyar mace ce, za ta yi sittin, da furfura a ɗaure a ƙeya. Kafin ta taka baranda ta miƙo min katinta ta ce in duba lambar a shafin hukuma. Na ce ba sai na duba ba. Ta ce, "Duba. Kowa ya zo miki, duba." Ta tsaya har na duba.

Ta sa farar riga mai haɗe da hula, ta ba ni takunkumi irin nata. Ta ɗora wata 'yar na'ura a bangon, na'urar ta yi ƙara. Ta matsa gaba, ta sake ƙara. Ta ce bangon nan a jiƙe yake sharkaf. Ta manna leda kewaye da wurin, ta yanka ɗan murabba'i da wuƙa, ta haska tocila, ta ce in zo in gani.

Ba zan rubuta yadda yake ba. Kamar gashin dabba. Har kan katakan ginin, har audugar da ke tsakani. Daidai inda kansa yake.

Ta hau cikin silin ta sauko, ta ce tamfol ya yage ta gefen bututun hayaƙi, duk ruwan da aka yi yana gangarowa ta cikin bangon. Wanda ya yi aikin bai nemi inda ruwan ke shigowa ba. Ta ce bilic fuskar kawai yake farartawa, saiwar na ciki, fenti kuma ya rufe danshin ya hana shi fita.

Ta tambaya, "Da ake kankarewa, an rufe ɗakin?"

"A'a."

"Esi fa?"

"A kunne."

Ta buɗe murfin bututun esi na falo, ta shafa farin ƙyalle a ciki ta nuna min. Ta buɗe na kicin. Ta buɗe na banɗaki. Ta ce da a bango ɗaya take, yanzu an raba wa kowane ɗaki rabonsa. Falon ma da na so mu koma.

"Wa ya yi miki wannan aikin?"

Na ce wani ne.

Ta cire safar hannu a hankali. "Wanin nan ba mugu ba ne, na ga yankansa, ya iya riƙe zarto. Bai sani ba ne kawai, kuma bai san bai sani ba. Ni ma kafinta ce shekara goma sha biyar kafin in zauna a aji a koya min abin nan, ranar farko na ji kunyar gidajen da na taɓa yi. Lasisin ba ado ba ne. Yana nufin an koya wa mutum, yana da inshora, kuma in ya ɓata akwai inda za ki kai ƙararsa a karɓe takardar. Wannan wa za ki kai wa?"

Na ce ba kowa.

Za su fara ranar Litinin. Ta ce ita ba za ta auna aikinta da kanta ba, wani kamfani dabam zai zo, haka ƙa'idar take.

Celeste ta kira. 102.1.

Juma'a, 17 ga Oktoba, uku na rana

Na je gidan Mama da hotunan a waya. Na ajiye a gaban Wilfred. Ya duba na farko, ya duba na biyu, ya ture wayar.

"Wannan matar so take ta samu aiki. Dole ta kushe nawa."

"Wilfred, da idona na gani."

"Lokacin da na rufe shi a bushe yake."

"Ka auna?"

"Na taɓa da hannuna!"

Mama ta ce, "Ke Noelie, ciwo na Allah ne. Mutumin da aka canja wa jini gaba ɗaya, sai a ce bango? Kada ki ɗora wa yaron nan abin da zai kashe shi."

Na ce ban ɗora masa ba. Na ce ni na ba shi makulli. Ina jin da ƙarfi na faɗa, don Mama ta ja baya.

Wilfred ya tashi ya tsaya a bakin taga, ya ba mu baya. Can ya ce, "Na yi na Miss Ozite. Na yi na su Landry, da na mutumin nan na kusurwar layi. Duk ita ta haɗa ni da su. Ta ce ke kika yabe ni."

Jaririyar. Wata huɗu, yanzu biyar.

Na ce, "Yadda ka yi namu ka yi nasu?"

Bai juyo ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, biyu na rana

Houston. An sa masa iskar numfashi ta hanci. Sakamako ya fito, abin da likita ya zata ne. Ya riƙe hannuna ya ce in daina wannan fuskar, ya ga abin da ya fi wannan. Ya ce, "Ke dai kin yi naki. Abin da zai zo ba mai tare shi."

Na ce zan je in samo masa ƙanƙara. Na daɗe a wajen injin ƙanƙarar.

Lahadi, 19 ga Oktoba, sha biyu da rabi

Na taso da asuba na dawo don in samu coci a gida. Ban karɓi jibin Ubangiji ba. Mama ta lura.

Daga coci na wuce gidan Miss Ozite. Ina tsaye a bakin matakala ina shirya abin da zan ce, sai ga motar Wilfred. Ya fito da rigar cocinsa, idanunsa jajir. Ya ce, "Matsa, Yaya. Ni na yi, ni zan faɗa."

Ya cire hula ya faɗa mata duka, bai rage ba. Ya ce ba shi da lasisin aikin, bai san yadda ake yi ba, a fitar da jaririyar daga ɗakin yau ɗin nan, a kashe esi, ga lambar wadda ta sani. Miss Ozite ta dube shi, ta dube ni.

"Noelie, ke da mijinki ke kwance, kika ce min hannunsa na da kyau."

Na ce na faɗa.

Ta ce yarinyar sati ɗaya ke nan tana atishawa, sun zaci mura ce. Ta kira jikarta ta ce ta haɗa kayan jaririya su tafi gidan ƙanwarta. Ba ta ce mu shigo ba, ba ta ce mu tafi ba. Ta rufe ƙofa.

Sauran gida biyun shi kaɗai ya shiga. Na jira a mota.

Talata, 21 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na samu Nas Yolanda a ofishinta. Na ce takardar awon iska ba ta kan firji. Na ce babu ita, ba a taɓa yin ta ba. Na faɗi sauran.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta ji a jikinta ranar, ta so ta matsa, sai ta ga shekara nawa ina jinyar mutumin nan ba gajiya. Ta ce dole likita ya sani, don ba za su sake sallamarsa zuwa gidan ba sai sun ga takarda da idonsu.

"Shi kin gaya masa?"

"Jikinsa ba ƙarfi."

"Zai ji a bakin likita gobe da rana. Ki zaɓa."

Laraba, 22 ga Oktoba, goma na safe

Na gaya masa.

Na ce Wilfred ne ya yi ɗakin. Na ce ba wani kamfani daga Lake Charles, ni na ƙirƙiro. Na ce na yi wa Yolanda ƙarya, na yi wa likita, na yi masa. Na ce na ga tabon ranar Alhamis, na sake gani ranar Asabar, na mayar da gadon.

Yana kallon silin. Na ji ƙarar iskar nan a hancinsa, shiga da fita.

Ya ce, "Kin mayar da gadon."

Na ce eh.

Ya ce, "Kira min Celeste."

Juma'a, 24 ga Oktoba, biyar na yamma

Bai kore ni ba. Ina shiga, ina gyara masa matashi, yana cewa na gode, kamar yadda yake ce wa mai share ɗaki. 101.2.

Madam Prejean ta turo hotuna. An gyara rufin tukuna. Ɗakin a rufe ruf da leda, da wani inji mai zuƙe iska yana fitarwa ta taga. Sun cire bangon gaba ɗaya har katako, sun fitar da shi a ɗaure cikin jakunkuna. Katifar ta tafi, labule ma. Ta ce Wilfred ya zo ya tsaya a titi yana kallo, da ta fito shan ruwa ya tambaye ta inda ake karatun. Ta ce ta gaya masa, ta kuma ce kada ya taɓa bangon kowa kafin nan.

An kai jaririyar asibiti an duba, ƙirjinta lafiya. Jikar ce ta turo min, ba Miss Ozite ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, tara na safe

100.6. Na gode, ya ce. Na gode.

Talata, 28 ga Oktoba, huɗu na yamma

99.1, kwana biyu a jere yana sauka. An cire iskar hanci. Likita ya ce tabon bai ƙaru ba, har ya ɗan ja baya. Magani wata shida ko fiye, kuma mai yiwuwa wannan gefen huhun ba zai koma kamar da ba. Na tambaye shi ni kaɗai a bakin ƙofa ko daga gidan ne. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Ya ce amma in shi ne, ba zai nemi wani wuri ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, biyu na rana

Mai awon iska ya zo shekaranjiya, yau sakamako ya fito. Gidan ya wuce, kowane ɗaki. Shafi huɗu, da sa hannu, da lambar lasisinsa, da ta Madam Prejean a nata takardun. Na duba duka biyun a shafin hukuma. Na shiga ɗakin, sabon bango ko fenti ba a yi masa ba tukuna. Ba na jin warin komai. Ban yarda da hancina ba, na sake karanta takardar.

Litinin, 3 ga Nuwamba, sha ɗaya na safe

Yolanda ta karɓi takardun ta kai wa likita, ya sa hannu. Ranar Alhamis za a sallame shi in zazzaɓi bai dawo ba.

Na shiga na same shi zaune a kujera, karon farko cikin sati uku. Celeste ta ce za ta je neman kofi. Na ce masa gidan ya wuce awo, ga takardar, bari in karanta maka. Na karanta tun daga sama, ɗaki-ɗaki, har sunan mai awon. Ya saurara bai katse ni ba.

Da na gama ya miƙo hannu.

"Ba ni tabarauna."

Shekara talatin da ɗaya muna tare. Takardar gida, ta makarantar yara, ta asibitin nan mai shafi arba'in da ya sa hannu a kan ransa, ni nake karantawa in ce masa ga inda za ka sa hannu. Bai taɓa cewa a ba shi ya gani ba.

Tabaran na cikin aljihun jakarsa. Na ciro, na goge da bakin rigata, na ba shi.

Ya karanta shafi huɗun, yana bi da yatsa. Ya koma farko ya sake. Ina tsaye. Ya ninke takardar ya sa a aljihun rigarsa, ba a jakata ba.

Ya ce, "To. Ranar Alhamis ki zo min da jaket, an ce an fara sanyi."

Na ce to.

"Noelie."

"Na'am."

"Zauna mana. Kin tsaya min a kai kamar nas."

Na zauna.